Kafin ka je kallon macizai da kwaɗi a Gabashin Afirka: manhajar wayarka kaɗai ba za ta fisshe ka ba

Kwanakin baya wani ƙanena da ke shirin zuwa Tanzaniya ya turo mini saƙo a WhatsApp. Taro ne zai kai shi Arusha, amma ya ware kwana huɗu don ya shiga daji. Shi dai zaki da giwa ba su dame shi ba. Tun yana yaro hankalinsa na kan hawainiya da ƙadangaru da kwaɗi. Tambayarsa gajera ce: "Yaya, wace manhaja zan sauke, wadda in na haska mata maciji za ta faɗa mini sunansa, ta kuma gaya mini ko yana da dafi?"

Na ce masa ya sauke iNaturalist, amma kada ya kuskura ya hau jirgi bai tanadi littafin gane dabbobin wannan yanki ba, ko na takarda ko wanda ake karantawa a waya. Ya turo mini hoton dariya, ya ce wai ni da nake rubutu a kan wayoyi ne yau nake tallar takarda. To, mai karatu, ga hujjata. Ra'ayina shi ne, in dai batun maciji da kwaɗo ne a ƙasar da ba ka sani ba, littafi mai kyau shi ne na farko, manhaja ta biyo baya. Wanda ya juya wannan tsari yana iya komawa gida da sunayen da ba daidai ba, ko kuma ya gamu da abin da ya fi haka muni.

Yadda manhajar take gane abu

Mu fara da fahimtar abin da ke faruwa idan ka ɗora kyamara a kan dabba. Manhajoji irin su iNaturalist da ƙanwarta Seek da Google Lens suna aiki ne da ƙirƙirarriyar basira wadda aka horar da ita da tarin hotuna. Tana kwatanta hotonka da waɗanda ta taɓa gani, sai ta kawo sunan da ya fi kusa. Hasashe take yi, kuma ingancin hasashen ya dogara ne da yawan hotunan da aka ba ta.

A nan matsalar take. An fara iNaturalist a 2008 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma har yau mafi yawan hotunan da ke cikinta daga Amurka da Turai da ire-irensu suke fitowa. Kafin a saka wani nau'i cikin abin da na'urar za ta iya ganewa, sai an tara masa hotuna kusan 100. Kwaɗon da ke bayan gidajen mutane a Amurka yana da dubbai. Ƙaramar hawainiyar da ba a samunta ko'ina a duniya sai a kan dutse ɗaya a Tanzaniya kuwa, mai yiwuwa hotunanta ba su kai ba. Idan ka haska mata irin wannan, mai gaskiya a cikin manhajojin za ta tsaya a sunan dangi, ta ce hawainiya ce. Wata kuwa sai ta ɗauko maka sunan wata dabba daga wata nahiya saboda launinsu ya zo ɗaya.

Kama da wane ba ta wane

Macizai sun ƙware wajen yaudarar ido, na mutum da na kyamara. Ɗauki korayen macizai na gaɓar tekun Kenya da Tanzaniya. Akwai siraran korayen macizan bishiya na dangin Philothamnus waɗanda ba sa cutar da mutum. Akwai koren mamba, wanda dafinsa ke kisa. Akwai kuma boomslang, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa. A hoton da aka ɗauka daga nesa, cikin ganye, da hannu na rawa, duk kore ne dogo. Abin da ke raba su shi ne siffar kai, girman ido da tsarin ɓawon jiki, wato abubuwan da kyamarar waya ta fi saurin ɓatarwa.

Shi kansa boomslang ba launi ɗaya gare shi ba. Namiji kan zama kore, mace kan zama ruwan ƙasa, ƙarami kuwa toka-toka ne da manyan idanu kore shar. Baƙin mamba kuma ba baƙi ba ne, jikinsa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, cikin bakinsa ne baƙi. Akwai maciji mai cin ƙwai wanda kusan ba shi da haƙori, amma zanen bayansa na kama da na kububuwa, har yana goga jikinsa ya fitar da irin ƙarar da take yi. A ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan baƙin maciji mai shiga ƙasa, Atractaspis, wanda kowa ya gan shi zai raina shi. Fiƙarsa ta gefen baki take fitowa, don haka ko ka riƙe shi a wuya kamar yadda ake gani a bidiyo, zai soke ka a yatsa.

Kada ka ɗauka sababbin shiga ne kawai ke faɗawa wannan tarko. A 1957 an kai wa Karl Schmidt, ɗaya daga cikin manyan masana macizai na Amurka, wani ƙaramin maciji a gidan tarihi na Chicago don ya tantance shi. Boomslang ne, ya sare shi a yatsa. Ya ɗauka ƙarami irin wannan ba zai iya kisa ba, ya tafi gida yana rubuta abin da yake ji a jikinsa, washegari ya rasu. A 2001 kuma Joseph Slowinski, wani ƙwararre daga Kalifoniya, ya sa hannu cikin jaka a dajin arewacin Myanmar, a zatonsa marar dafi ne a ciki. Ashe mai dafin ne da suke kama da juna. Shi ma bai wuce washegari ba. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan ilimi ke nan. Ina ga wanda hujjarsa kawai ita ce suna ya fito a allon waya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara, kuma a 2017 ta saka shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa rikon sakainar kashi. Duk wanda ya san dalilin da ya sa ake da asibitin saran maciji a Kaltungo ya san wannan ba wasa ba ne.

Abin da littafi ke ba ka

Manhaja na ba ka amsa ba tare da ta nuna maka yadda ta kai gare ta ba. Littafi mai kyau yana koya maka inda za ka duba. A ƙarƙashin kowane nau'i za ka samu taswirar inda yake rayuwa, tsayin wurin daga teku, irin dajin da yake so, girmansa, launukan da yake zuwa da su, da sunayen waɗanda ake rikita shi da su. Taswirar nan kaɗai tana yanke rabin gardama. Idan kana tsakiyar busasshen fili a Serengeti manhaja ta ce maka wannan koren mamba ne, littafi zai nuna maka cewa shi ɗan dazuzzukan gaɓar teku ne da wasu wurare masu duhuwa, sai ka sake dubawa.

Abu na biyu, littafi ana karanta shi kafin a tafi. Wanda ya yi mako biyu yana buɗa shafukan macizai masu haɗari na yankin da zai je, ranar da ya ga kasa kwance a kan hanya ba zai tsaya neman waya a aljihu ba. Ya riga ya san ta, ya san ba ta gudu, ya san ya ja da baya.

Yadda za ka zaɓa

Na farko, duba yanki. Littafin da ya ce ya ƙunshi macizan duniya gaba ɗaya na ajiyewa a falo ne. Idan Kenya ko Tanzaniya ko Yuganda ko Ruwanda ko Burundi za ka, littafin da aka fi dogara da shi shi ne Field Guide to East African Reptiles na Stephen Spawls da Kim Howell da Harald Hinkel da Michele Menegon, bugun 2018. Ya ƙunshi nau'i kusan 500 na macizai da ƙadangaru da hawainiya da kunkuru da kada, kowanne da bayani da taswira. Idan kuma Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Botswana ka nufa, sai ka koma ga littattafan marigayi Bill Branch da na Johan Marais. Kada ka ce ai duk Afirka ce. Littafin kudu zai bar ka a tsaye idan ka shiga tsaunukan Usambara, domin yawancin hawainiyoyin da ke can babu su a cikinsa.

Na biyu, duba shekarar bugu, kamar yadda kake duba wane zubin Android ne a kan waya kafin ka saya. Sunayen waɗannan dabbobi na canzawa saboda binciken ƙwayoyin halitta. Tsohon bugun littafin Spawls ya fito ne a 2002. A 2007 aka tabbatar da cewa wata babbar gamsheƙa mai feshin dafi ta gabashin Kenya nau'i ce mai zaman kanta, aka raɗa mata Naja ashei don girmama James Ashe, wanda ya kafa gidan kiwon macizai a Watamu. Mai tsohon bugu ba zai same ta da wannan suna ba. A 2011 bincike ya nuna cewa kadan yammacin Afirka, irin namu, daban yake da kadan kogin Nilu. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke yawo a tsakar gidajenmu da damina ya canza suna sau biyu cikin shekara goma: daga Bufo ya koma Amietophrynus a 2006, sannan Sclerophrys a 2016. Idan littafinka na kiransa da sunan farko, manhajarka kuma da na ƙarshe, sai ka ɗauka dabbobi biyu ne.

Na uku, ka yanke shawara tsakanin cikakke da na aljihu. Babban littafin Spawls ya haura shafi 600, nauyinsa ba na yawo a daji ba ne. Akwai ƙaraminsa, Pocket Guide to the Reptiles and Amphibians of East Africa, na 2006, wanda ya haɗa da kwaɗi, kuma yana shiga aljihun jaka. Sai dai nau'i sama da 200 kawai ya ɗauko, waɗanda aka fi gani. Haɗarin ƙaramin littafi shi ne yana sa ka tilasta wa dabbar da ka gani ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ke ciki. Idan yawon motar kallon namun daji kawai za ka yi a Masai Mara ko Serengeti, inda galibi ba a ma barin mutum ya sauka, ƙaramin ya isa. Idan kuwa da gangan za ka shiga dajin Amani ko Kakamega ko Arabuko-Sokoke da tocila cikin dare, nemi babban.

Na huɗu, buɗe littafin ka gwada shi kafin ka biya. Nemi shafin boomslang. Idan hoto ɗaya ne kawai na koren namiji, ajiye shi. Mai kyau zai nuna mace da ƙarami, ya faɗi yadda ake raba shi da masu kama da shi, kuma ya bayyana matsayin dafinsa a fili. Ka tabbata kuma yana ɗauke da sunayen kimiyya, domin sunayen gari na rikitarwa. A harshen Swahili, mamba na nufin kada. Idan ɗan jagora ya ce maka akwai mamba a bakin kogi, ba sama zai ce ka duba ba.

Kwaɗi: a nan kunne ya fi ido

Kwaɗi wani babi ne daban. Littafin da ya game nahiyar shi ne Field Guide to the Frogs and Other Amphibians of Africa na Alan Channing da Mark-Oliver Rödel, na 2019, mai nau'i sama da 800. Wannan kam ka saye shi ba ka yi asara ba, don zai yi maka amfani ko bayan ka dawo gida. Amma ko shi ba ya isa a wasu lokuta. Ƙananan kwaɗin ciyayi na dangin Hyperolius suna zuwa da launuka barkatai a cikin nau'i ɗaya, wasu ma launinsu na dare daban da na rana. Abin da ba ya canzawa shi ne kukan namiji, kowane nau'i da nasa.

A nan ne wayarka ta yi wa takarda fintinkau. Buɗe manhajar naɗar murya, ka matsa kusa, ka yi shiru, ka naɗi daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, sannan ka faɗi wuri da lokaci a ƙarshe. iNaturalist na karɓar sauti kamar yadda take karɓar hoto. A kudancin Afirka, littafin kwaɗi na Louis du Preez da Vincent Carruthers yana da manhaja mai ɗauke da kukansu. A Ostareliya ma, manhajar FrogID da gidan tarihin ƙasar ya fitar a 2017 gaba ɗaya a kan sauti aka gina ta, kuma mutane ƙwararru ne ke sauraren abin da aka turo su tantance. Ka kuma duba lokacin tafiyarka: a yawancin Kenya da arewacin Tanzaniya babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙaramar kuma wajen Nuwamba. Wanda ya je da rani zai yi ta buɗa littafi babu kwaɗon da zai gwada shi da shi.

Inda manhaja ta yi gaskiya

Kada a ce na yi wa manhaja rashin adalci. Ƙarfin iNaturalist na gaskiya yana wajen mutanen da ke cikinta. Idan ka ɗora hoto, masana da masu sha'awa daga ko'ina suna dubawa, su gyara ko su tabbatar, kuma sai sama da kashi biyu cikin uku sun yarda da suna ɗaya kafin a ɗauke shi a matsayin wanda za a iya bincike da shi. Kafin tafiya kuma, za ka iya bincika sunan dajin da za ka je ka ga abin da wasu suka gani a can, wata-wata. Babu littafin da zai ba ka wannan. Seek tana aiki ko babu sabis, kuma ba ta neman ka buɗe asusu. Manhajar ASI Snakes ta cibiyar Johan Marais kyauta ce, tana da bayanin taimakon gaggawa, ko da yake ta fi ƙarfi a kan macizan kudancin Afirka. Shafukan Reptile Database da AmphibiaWeb kuma za su gaya maka sunan da ake amfani da shi a yanzu.

Amma gyaran da mutane za su yi maka yana iya ɗaukar awanni ko kwanaki, kuma sai da data. Kai kuwa shawarar matsawa ko ja da baya cikin daƙiƙa za ka yanke ta.

Akwai kuma wata illa ta waya da ba a cika faɗa ba. Babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, don haka sai ka matsa sosai kafin dabba ta cika allo. Gamsheƙa na iya fesa dafi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Tsaya kamar mita 5, ka jawo hoton ko da zai ɗan dushe. Hoto marar kyau ya fi kwana a asibiti. In kuma tsautsayi ya faɗa, babu tsagawa, babu tsotsa, babu ɗaure wurin tamau, babu tsayawa neman kama macijin. A cire zobe da agogo, a rage motsi, a nufi asibiti. Tun kafin ka shiga daji ka tambayi ɗan jagora wane asibiti ne mafi kusa mai maganin dafi, ka ajiye shi a taswirar da ka sauke a waya.

Hotonka na iya tona asirin dabba

Wayarka na liƙa wa kowane hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, sai in ka kashe. Masu fataucin dabbobi zuwa Turai da Amurka na bibiyar irin wannan bayani. Wata shuɗiyar tsaka, Lygodactylus williamsi, wadda ake samu a ɗan ƙaramin yanki kewayen dajin Kimboza a Tanzaniya, an yi ta kwasarta har ta kai bakin ƙarewa, sai da aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Da masana suka bayyana wani sabon maciji mai ƙaho, Atheris matildae, a kudancin Tanzaniya a 2011, da gangan suka ɓoye sunan dajin. iNaturalist da kanta tana lulluɓe wurin nau'o'in da ke cikin haɗari a cikin murabba'i mai faɗin kusan kilomita 20, kuma kai ma za ka iya zaɓar haka ga kowane hoto. A Instagram da TikTok kuwa, faɗin sunan ƙasa ya wadatar.

To, kuɗin fa?

Na san abin da ke ranka: da canjin dala na yau, littafin waje ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga shi manhaja kyauta. Gaskiya ne. Amma ka auna shi da kuɗin jirgi da masauki da na shiga gandun daji, waɗanda baƙi ke biya da dala. Littafin ne mafi araha a cikin kayan tafiyar, kuma shi kaɗai ne zai rage maka bayan ka dawo. Idan ku da yawa ne, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya. Idan nauyi ne damuwarka, nemi na karantawa a waya, ka sauke shi gaba ɗaya tun kana gida, ka sa alama a shafukan masu dafi, ka riƙe fawa-banki. Ka dai sani cewa allo na wahalar gani a tsakar rana, kuma wayar da ke zama kyamara da tocila da taswira da littafi lokaci ɗaya ba ta daɗewa da caji. Waɗanda ake rabawa kyauta a zaurukan Telegram kuwa, galibi tsohon bugu ne da aka ɗauka da launi gurɓatacce, ga haƙƙin mutanen da suka yi shekaru a daji suna tattara shi, ga kuma haɗarin kwaso wa wayarka cuta.

Abin da na tsara wa ƙanena ke nan: ya sayi babban littafin Spawls a waya, ya karanta babin macizai masu haɗari kafin ranar tashi, ya ɗauki ɗan jagora ɗan yankin, ya yi hoto daga nesa, ya fara duba littafi ya faɗi nasa hasashen, sannan da dare a masauki ya ɗora a iNaturalist ya ga ko masana za su yarda da shi. Na kuma ƙara masa sharaɗi ɗaya wanda babu sassauci a cikinsa: ko littafi da manhaja da ɗan jagora duk sun haɗu sun ce marar dafi ne, hannunsa ya zauna a aljihu.